Matan da ke ɗauke da buhunan kwal: daga Borinage zuwa Otterlo

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Beljiyam ba sa wuce Brasels da Antwerp. Wasu taro ke kawo su, wasu kuma harkar motoci: a saya a unguwar Heyvaert, a loda a jirgin ruwa, sai tashar Kwatano. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mutumin Damagaram, ya daɗe a wannan sana'a, kuma a wurinsa na sauka lokacin da na je wani gajeren kwas na malaman zane. Aikina ke nan, koyar da zane a makarantar sakandare.

Akwai wani zane da ya tsaya mini a rai tun ina ɗalibi. A wani tsohon littafi na laburaren kwalejinmu na fara ganinsa, ɗan ƙarami, bugun ma bai fita sosai ba. Wasu mata ne a sunkuye, kowacce da buhu a bayanta, an rubuta sunan Vincent van Gogh, shahararren mai zane ɗan Holan, da shekarar 1881 a ƙasa. Mutumin da duniya ta sani da ruwan ɗorawa da shuɗi masu ƙyalli, ashe da fensir da alƙalami da tawada ya fara, kuma da waɗannan matan. Da na bincika sai na tarar 'yan Borinage ne, yankin haƙar kwal da ke kudu maso yammacin Beljiyam, dab da iyakar Faransa. Ita kuma takardar tana Holan, a wani gidan adana zane-zane da ke tsakiyar daji. Na ƙudura a raina sai na ga duka biyun, kuma ƙasar zan fara takawa kafin in ga takardar.

"Kawu, akwai inda nake so ka kai ni ranar da ba ka da lodi."

Ya ɗauka fadar sarki zan ce, ko dandalin tsakiyar gari. Da ya ji sunan wurin sai ya ajiye kofin shayinsa.

"Ɗana, me aka ajiye maka a can? Wurin nan ko 'yan ƙasa ba sa zuwa sai dole."

Amma ya yarda. Da ma ba don shi ba da na sha wuya, domin a can in ba ka jin Faransanci to kai kurma ne.

Watan Nuwamba ne, ana yayyafi mai sanyin shiga ƙashi. Tafiyar kusan awa guda ce a mota. Tuddai ne ke fara gaya maka ka iso. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, sai kawai ka ga tudu ya miƙe shi kaɗai, mai tsini, bishiyoyi sun lulluɓe shi, can gaba ga wani, ga wani. Hannun mutum ne ya tara su. Duk dutse da ƙasar da aka tono daga cikin rami, aka tace kwal aka bar tarkacen, nan ake jibge su shekara da shekaru har suka zama duwatsu. Mutanen wurin na kiransu teril. A gindinsu kuma layuka ne na ƙananan gidajen jan bulo manne da juna, bulon ya yi baƙi-baƙi, shaguna da dama a rufe. Tun 1976 aka rufe ramin kwal na ƙarshe a Borinage, kuma har yau ana ganin alamar rashin aiki a titunan.

Petit-Wasmes muka fara zuwa. Nan Vincent ya zauna a farkon 1879, a gidan wani mai gasa burodi da ake kira Denis. Ba zane ya kawo shi ba, wa'azi ne. Ɗan fasto ne, an haife shi a 1853, kuma kafin ya iso nan duk abin da ya sa hannu sai ya watse masa. Ya yi kusan shekara 7 yana aiki da kamfanin dillancin zane-zane na Goupil a Hague da Landan da Faris, aka sallame shi a 1876. Ya taɓa koyarwa a Ingila, ya taɓa tsaron kantin littattafai a Dordrecht, ya fara shirin karatun addini a Amsterdam ya bari. A ƙarshe wani kwamitin majami'u ya ɗauke shi gwaji na wata 6, albashi faran 50 a wata, ya yi wa masu haƙar kwal wa'azi. A wani tsohon ɗakin rawa yake tara su. An gyara gidan Denis a 2015, shekarar da birnin Mons ya riƙe kambun babban birnin al'adun Turai, amma ba shi ne ya ja hankalina ba. Marcasse nake son gani, wanda ba shi da nisa daga nan.

Marcasse ramin kwal ne, an rufe shi a 1954. Abin da ya rage gine-ginen bulo ne da suka fara zubewa, tagogi ba gilashi, ciyawa ta fito ta ko'ina. Daga bakin ƙofa muka tsaya. A nan ne Vincent ya shiga ƙarƙashin ƙasa a 1879, zurfin mita 700, ya yi awa 6 a ciki tare da wani mutum da ya shekara 33 yana aiki a ramin. Ya ba ƙanensa Theo labarin a wasiƙa, kuma wanda ya karanta wasiƙar zai gane cewa idon mai zane ya riga hannunsa buɗewa. Ya ce ana zura mutum ne a cikin wani keji kamar guga a rijiya, in ka ɗaga kai daga ƙasa hasken rana bai fi girman tauraro ba. Ya ga maza suna sara a kwance a cikin lungunan da ba a iya miƙewa, ruwa na ɗiga, fitila na ba da ɗan haske. Ya ga yara, maza da mata, suna loda kwal a amalanke, ya ga tsofaffin dawakai da aka yi wa barga a can ƙasa. Ya ce mutanen ramammu ne, zazzaɓi ya koɗar da su, sun tsufa tun lokaci bai yi ba, matan kuma duk sun yamushe.

Na karanta wa Kawu wannan daga wayata muna tsaye a cikin yayyafi. Ya daɗe yana kallon ginin, sannan ya ce, "Mita ɗari bakwai. Subhanallahi. Duk don tuwo."

A ranar 17 ga Afrilun 1879 iskar gas ta fashe a ramin Agrappe da ke Frameries, 'yan kilomitoci daga inda muke tsaye. Mutum 121 suka mutu. Waɗanda suka san Vincent a lokacin sun ba da labarin yadda ya riƙa jinyar waɗanda suka ƙone, yana yayyaga tufafinsa yana ɗaure musu rauni. Tun kafin haka ya rabar da kayan sawarsa da kuɗinsa, ya bar ɗakinsa na gidan mai burodi ya koma wata bukka yana kwana a kan ciyawa, domin ya ce ba zai yi wa mutane wa'azi yana kwana a inda ya fi nasu ba. Da wata shidan suka cika, kwamitin bai sabunta masa aiki ba. Sun yaba da yadda yake kula da marasa lafiya, amma suka ce ba shi da baiwar magana. Ni Musulmi ne, shi mai wa'azin Kirista, amma ban ga abin da zai hana ni ganin girman mutumin da ya tuɓe rigarsa ya ba wanda ba shi da ita ba. Kuma ina ganin kwamitin bai yi masa adalci ba.

Daga nan muka nufi Cuesmes, wanda mutanen wurin ke furtawa Kwem, kusa da Mons. A ƙarshen wata 'yar hanya, cikin fadama da bishiyoyi, akwai wani ɗan gidan bulo shi kaɗai. Gidan iyalin Decrucq ne, ma'aikacin ramin kwal, inda Vincent ya kama ɗaki. Vincent ya zauna a wannan ƙauye daga Agustan 1879 zuwa Oktoban 1880, ba aiki, ba albashi, ya ma daina rubuta wa Theo wasiƙa na tsawon watanni. A farkon 1880 ya yi tafiya, mafi yawanta da ƙafa, har Courrières a Faransa, kusan kilomita 70, don ya ga wani mai zane da yake ƙauna, Jules Breton. Ya isa ƙofar ɗakin aikinsa, ya kasa shiga, ya juyo, yana kwana a fili cikin sanyi, yana musayar 'yan zane-zanen da ke jakarsa da burodi. Daga baya ya gaya wa Theo cewa a cikin wannan wahala ce ya ji ƙarfinsa ya dawo, ya ce wa kansa zai sake ɗaukar fensirin da ya ajiye. A lokacin yana dab da cika shekara 27.

Gidan ƙarami ne ƙwarai, in ka miƙa hannu sama sai ka kusa taɓa rufi. An jera kwafin wasiƙunsa, akwai teburi da kujera irin na zamanin. Ba wani abin kallo mai yawa, amma a nan na fi daɗewa, saboda na san abin da aka yi a irin wannan ɗaki. Tsohon maigidansa na Goupil, Tersteeg, ya aro masa darussan koyon zane na Charles Bargue. Akwai wani kashi mai shafi 60 na siffofin jikin mutum da ake kwaikwaya da gawayi. Vincent ya kwafe shafi sittin ɗin nan kaf, ya koma farko, ya sake komawa, sau 3, daga safe har dare. Ya sa Theo ya aiko masa da hotunan ayyukan Millet, mai zanen manoman Faransa, ya yi ta kwafar mai shuka da masu haƙa. Ɗakin ba wadataccen haske, ba filin da zai ja baya ya dubi abin da ya yi.

Wannan ne abin da nake fama in sa ɗalibaina su yarda da shi. Yaro zai ja layi biyu, ya ga bai yi kama ba, ya ture takarda ya ce, "Malam, ni ba ni da hannu." Mun ɗauka zane baiwa ce da ake haihuwar mutum da ita, ko kana da ita ko babu. Ga mutumin da ake sayar da aikinsa miliyoyin daloli a yau, yana da shekara 27 yana kwafar darasin 'yan koyo kamar ɗan aji ɗaya, kuma abin da ya fito daga hannunsa a watannin nan, in za a faɗi gaskiya, wasu daga cikin ɗalibaina za su iya yin wanda ya fi shi kyau. Bambancin shi ne shi bai ture takardar ba, kuma yana da abin da yake ƙuna a ransa ya nuna.

Kusa da ƙauyen akwai teril ɗin Héribus, ana hawansa. Kawu ya ce gwiwarsa ba za ta ɗauka ba, ya zauna a mota. Hanyar baƙa ce, tana santsi saboda ruwa, siraran bishiyoyi masu farin ɓawo sun tsiro a kai. Na tsuguna na ɗebi abin da ke ƙarƙashin ƙafata. Duwatsu ne falle-falle, launin toka mai duhu, in ka matsa sai su ɓare a hannu. Can cikinsu na tsinci wani ɗan guntu da ya fi sauran sauƙi da ƙyalli, bai fi ƙwayar dabino ba, ya bar mini baƙi a yatsu. Wannan ne kwal. Shi matan ke nema. Sukan hau tudun su yi ta tona tarkacen da kamfani ya zubar, guntu-guntu, har buhu ya cika, sannan su saɓo shi zuwa gida don girki da ɗumama ɗaki. Sai da na ga ƙanƙantar guntun nan na fahimci awa nawa ke cikin buhu ɗaya. Na kuma gwada saukowa a kan wannan santsi ba tare da kaya ba, ina dafa bishiyoyi. Daga saman ana hango hasumiyar Mons mai tsayin mita 87, da sauran tuddan a jere har inda ido ya ƙare.

A Mons ba mu daɗe ba. Mun ga dandalin gari da ɗan birin ƙarfe da ke jikin ginin hukumar birni, wanda baƙi ke shafa kansa, muka nemi inda za mu ci halal mu yi salla. A wani ɗan gidan abinci muka haɗu da wani dattijo ɗan asalin Maroko, Kawu ya ja shi da hira. Ya ce ramin kwal ne ya kawo mahaifinsa ƙasar. Da 'yan Beljiyam suka fara gudun aikin, gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da Italiya a 1946, sannan da Maroko da Turkiyya a 1964, aka yi ta kawo ma'aikata. Ya ce abin da ya fi tunawa da mahaifinsa shi ne tari, ƙurar dutse ta cinye masa huhu, a zaune yake barci. Da Kawu ya gaya masa abin da ya kawo mu, sai ya ce ya san gidan na Cuesmes, yana wucewa ta wurin, amma bai taɓa shiga ba.

Zanen da nake bi ba a Borinage aka yi shi ba. A Oktoban 1880 Vincent ya koma Brasels, ya kama ɗaki a lamba 72, Boulevard du Midi, tafiyar ƙafa ce daga inda Kawu ke ajiye motocinsa. Ya shiga koyon ƙirar jikin mutum, ƙashi da tsoka, da yadda ake nuna nisa da kusa a takarda. Ya haɗu da wani matashin mai zane ɗan Holan, Anthon van Rappard, ɗan masu hali, wanda ya bar shi yana aiki a ɗakin zanensa. A can ya yi wannan zane, a watan Afrilun 1881, wata shida bayan ya bar ƙasar kwal. Ba matan a gabansa. Daga ƙwaƙwalwarsa da 'yan zane-zanen da ya taho da su ya fito da su.

Zuwa Holan sai da muka jira wani ƙarshen mako. Kusan kilomita 200 ne, ta Antwerp. Da muka tsallaka iyaka, kafin Breda, na ga allon hanya mai nuna Zundert, ƙauyen da aka haife shi, amma ba mu ratse ba. Gidan zane-zanen Kröller-Müller yana cikin gandun dajin Hoge Veluwe ne, kusa da ƙauyen Otterlo, daji mai faɗin hekta sama da 5,000 na itatuwan fir da yashi da ciyayi. A bakin ƙofa akwai fararen kekuna jibge, kyauta, ka ɗauki wanda ka ga dama ka ajiye a inda ka sauka. Kawu ya ce rabonsa da keke tun yana saurayi a Damagaram, amma da ya hau sai ga shi a gabana, yana ta kirana in yi sauri. Iska mai sanyi, ƙanshin itace jiƙaƙƙe, ba ƙarar mota. Na ji daɗin wannan 'yar tafiya ƙwarai.

Wata mata ce ta tara kayan da ke gidan, Helene Kröller-Müller, 'yar wani attajirin Jamus, matar Anton Kröller wanda ya riƙe kamfanin mahaifinta. Da shawarar malaminta H.P. Bremmer ta fara sayen ayyukan Van Gogh tun mutane ba su gama sanin darajarsa ba. An buɗe gidan a 1938, shekara guda kafin rasuwarta. Yau suna da zanen fenti nasa kusan 90 da zanen takarda sama da 180, babu mai fin su sai gidan Van Gogh na Amsterdam. Kuɗin da aka sayi duk wannan daga jiragen ruwa da cinikin ma'adinin ƙarfe ya fito, wato daga guminsu masu haƙa a wasu ƙasashe. Wannan ya dame ni ina tafe a cikin ɗakunan, kuma bai daina damuna ba, ko da yake na san ba don ita ba da wataƙila takardun nan sun watse a hannun 'yan kasuwa.

Jama'a sun taru a gaban zanen gidan shan kofi da dare, wanda Vincent ya yi a garin Arles da ke kudancin Faransa a 1888, kowa da waya a sama. Ya cancanci taron. Amma na wuce, na tambayi wata ma'aikaciya inda zanen takarda suke, ta nuna mini wani ɗaki da aka rage wa haske.

Ga shi nan a bango, a bayan gilashi. Ya fi yadda na zata girma, kusan santimita 60 a faɗi. Takardar ta yi ruwan ƙasa-ƙasa. Matan suna tafe a gaba, a rankwafe, buhun ya rataya tun daga ka ya sauka a gadon baya, har ba ka iya raba mace da kayanta. Fuskokin sun ɓuya. A bayansu akwai gada, can nesa gine-ginen ramin kwal da bututun hayaƙi da hasumiyar coci. A gefen dama akwai bishiya, an kafa ɗan akwati a jikinta da gicciye a ciki, irin wanda ake gani a bakin hanyoyin ƙauyukan Katolika. Matan suna wucewa, ba wadda ta ɗago. A ƙasa ya rubuta sunan zanen da Turancin Ingilishi, ma'anarsa masu ɗauke da nauyi. Yana son mujallun Landan masu hotuna irin su The Graphic, waɗanda ke buga zanen talakawa da ma'aikata, kuma burinsa a lokacin bai wuce ya samu aikin yi wa irin waɗannan mujallu zane ya ci abinci ba.

Na matsa har numfashina ya kusa taɓa gilashin. Da fensir ya fara, ana ganin sawunsa a ƙarƙashi. Sannan ya bi da alƙalami, layi a kan layi, wasu a tsaye wasu a gicciye, inda yake son duhu sai ya ƙara cusa su har su haɗe. Ya ɗan taɓa farin fenti a wasu wurare. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san halin alƙalami da tawada: in ka tsoma, layin farko kan fito da kauri, na biyu daidai, na uku ya fara ƙishirwa, kuma abin da ka rubuta ya rubutu, a takarda ba wanki. Haka na riƙa bin hannunsa, ina ganin inda ya danna da inda ya sassauta, da inda ya koma ya nanata don bai gamsu ba. Irin tawadar da ake amfani da ita a zamanin takan fara da baƙi, shekaru su mayar da ita ruwan ƙasa, saboda haka yawancin zanensa na alƙalami sun fi haka duhu ranar da ya gama su.

A matsayina na malami, in ɗalibi ya kawo mini wannan, akwai wuraren da zan sa jan biro. Jikunan sun sandare, kamar an sassaƙa su. Ƙafafun ba su zauna a ƙasa yadda ya kamata ba. Nisan da ke tsakanin matan da gadar da garin bai daidaita sosai ba, ana ganin mutum ne da ya koyi ƙa'idar jiya yana ƙoƙarin amfani da ita yau. Gicciyen da sunan da ya rubuta sun nuna mai wa'azi bai gama fita daga jikinsa ba, yana so ya tabbatar ka gane darasin. Duk da haka na kasa matsawa daga wurin.

Kawu ya zo ya tsaya kusa da ni, hannuwansa a baya. Ban yi masa bayanin komai ba. Can sai ya nuna da haɓa.

"Wanda ya yi wannan ya san kaya."

"Ta yaya ka gani, Kawu?"

"Dubi wuyansu. Buhu in ya yi nauyi ba a baya yake zama ba, a wuya yake, ya sauka a ƙugu. Ka ga yadda suka tura kai gaba? In ka miƙe, kayan ya ja ka baya ka faɗi. Kuma ba ka kallon gefe, ƙasa kake kallo, kana ƙirga taku." Ya yi shiru kaɗan. "Na yi dako a tashar Kwatano kafin Allah ya buɗa mini. Buhun shinkafa, buhun siminti. Uwarka ba ta sani ba, kada ka gaya mata."

Ban taɓa jin wannan ba, kuma na san shi tun ina yaro. Na sake duban zanen da abin da ya faɗa, sai na ga abin da ilimina na aji bai nuna mini ba. Kurakuran duk suna nan, amma nauyin daidai yake. Akwai masu zane da yawa a zamaninsa da suka fi shi iya ƙafa da hannu nesa ba kusa ba, sun zana mata matalauta sun fito da su kyawawa, tsaf, kamar an yi musu kwalliya don hoto. Shi ya yi kusan shekara biyu yana bin hanya ɗaya da waɗannan matan, ya shiga gidajensu, ya yi jinyar mazajensu, ya ji irin yunwarsu. Abin da ya sani game da su ya fi abin da hannunsa ke iyawa a lokacin, kuma ana ganin wannan kokawa a kowane layi. Ban san wani zane da ya fi nuna ta a fili ba.

Bai rabu da matan nan ba. A ƙarshen 1882, yana Hague, ya sake yin su da fentin ruwa, suna tafe cikin dusar ƙanƙara da buhunansu, shi ma yana wannan gida. A wani ɗakin na ga zanensa na masu cin dankali na 1885, wanda ya yi kafin babban da ke Amsterdam, hannuwa masu gaɓoɓi kamar saiwa a kan akushi ɗaya. Na ga mai shuka na 1888, rana ta cika sama da ruwan ɗorawa, mutumin da ya fara kwafa daga Millet a ɗan ɗakin Cuesmes. A Arles ɗin ne ya koma yanka alƙalaminsa da kansa daga karan da ke fitowa a bakin ruwa, layinsa ya saki, ya zama ɗigo da lanƙwasa da gajerun sara masu rai, har ba ka cewa hannu ɗaya ne da na 1881. Tsakanin matan buhu da rasuwarsa a Yulin 1890 shekara 9 ce kacal da 'yan watanni, kuma a cikin shekara 10 na aikinsa ya bar zane sama da 2,000.

Kafin mu fita na koma wurin ma'aikaciyar nan na tambaye ta ko zanen kullum yana bango. Ta ce a'a. Haske na cin takarda da tawada, don haka ana fito da zanen takarda na ɗan lokaci ne, sannan a mayar da su ma'ajiya su daɗe a cikin duhu, a fito da wasu. Mun yi sa'a ke nan. Duk wanda zai yi wannan tafiya saboda matan Borinage, ya rubuta wa gidan tun yana gida ya tambaya ko suna waje, kuma ya duba ranakun buɗewa, domin yawanci ba sa buɗewa ranar Litinin. In ba mota, jirgin ƙasa na kai mutum Ede-Wageningen ko Arnhem, daga nan bas zuwa Otterlo, sauran hanyar kuma a kan farin keke.